HAƘƘIN KYANWAR DA KA KAWO GIDA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, da yawanmu a Samaru da Sabon Gari fitinar ɓera ce ke sa mu nemi kyanwa. Wani ya karɓo wurin maƙwabci, wani ya tsinto a gefen mahauta ko cikin Kasuwar Sabon Gari. To ka sani, tun ranar da ka rufe mata ƙofa ta zama amana a wuyanka. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta ɗaure ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, har ta mutu.

Baƙuwar kyanwa kuwa sai an tsare ta kwanakin farko, in ba haka ba ta gudu. Ke nan cinta da shanta duk suna kanka. Ga abin da za ka kiyaye:

1. Ka ware mata wuri ɗaya mara hayaniya, da kwali da tsumma. Idan ta ɓuya ƙarƙashin gado, kar a jawo ta, tsoro ne. A hana yara kora da jan wutsiya, da kanta za ta fito.

2. Ruwa mai tsabta kullum, da nama ko kifi dafaffe. Kar ka ce ai ta kama ɓera ta ci. Madarar shanu takan sa ta gudawa, albasa da tafarnuwa kuma suna cutar da ita.

3. Ka zuba yashi a tsohon baho nesa da abincinta, nan za ta riƙa biyan buƙata. Mai juna biyu kar ta kwashe yashin.

4. Ka kwashe shinkafar ɓera daga gidan. Kar ka ba ta farasitamol, yana kashe kyanwa.

5. Idan ta kai wata 3, kai ta asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, don kyanwa ma tana ɗauka. Ɗan da bai kai mako 8 ba, a bar shi wurin uwarsa.

Game da tsarki, Imam Malik ya kawo hadisin Abu Ƙatada (RA) a Muwaɗɗa, wanda ya nuna kyanwa ba najasa ba ce. Ruwan da ta sha ta rage ana alwala da shi, matuƙar ba a ga najasa a bakinta ba. Jifan baƙar kyanwa kuma wai mayya ce, wannan camfi ne da zalunci.

Idan ka san ba za ka iya ba, ka miƙa ta ga wanda zai iya, kar ka ƙulle ta a buhu ka jefar a bola.

Wallahu A'alam. Allah Ya sa mu dace.