Idan Tsohuwar Mota Tana Shan Ruwa

A ƙauyuka da yawa mota ɗaya ce ke yin komai. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke ɗauko taki, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Sau da yawa tsohuwar Peugeot 504 ce, irin wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna a shekarun baya, ko a-kori-kura, ko ƙaramar bas da ta sha wuya. Irin waɗannan motoci suna da wani ciwo da aka saba gani, wato shan ruwa. Direba zai cika lagireto da safe, kafin azahar ya sake ɗauko jarka.

Mota mai lafiya ba ta shan ruwa haka. Idan ruwa yana raguwa kullum, to akwai inda yake fita. Ƙara ruwa ba gyara ba ne. Gyara shi ne a gano wurin yoyon.

Aikin ruwa a cikin inji

Inji yana ƙona mai, saboda haka yana yin zafi ƙwarai. Akwai famfo, wanda makanikai ke kira wata-famfo, mai tura ruwa cikin jikin inji. Ruwan ya kwashi zafi, ya bi tiyon sama ya shiga lagireto. Iska da fanka su sanyaya shi, sannan ya koma ta tiyon ƙasa. Ruwan da ke wannan zagaye a ƙaramar mota bai cika wuce lita 8 ba. Idan ya yi ƙasa sosai, inji zai yi zafi har kansa ya lanƙwashe. Tiyon da ya huje kuɗinsa kaɗan ne. Gyaran inji kuwa yakan cinye kuɗin amfanin gona mai yawa.

Murfin lagireto ba murfi ne kawai ba. Yana da roba da sifirin masu matse ruwan. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, amma wanda murfi ya matse yakan kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Nan ne hatsarin yake. Duk wanda ya buɗe murfin alhali inji na da zafi, ruwan zai tafasa nan take ya yi tsartuwa a fuskarsa da hannunsa. A kashe mota, a jira aƙalla minti 30. Sannan a sa tsumma mai kauri, a juya murfin a hankali.

Neman wurin yoyo

Da dare a ajiye mota a busasshen wuri, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji. Da safe a duba inda ya jiƙe, sannan a buɗe bonet a duba abin da ke sama da wurin. Ruwa yakan bar shaida. Za a ga jan tabo na tsatsa, ko farin tabo kamar na kanwa. Idan mota tana da na'urar sanyi, ruwan da ke ɗiga daga ƙasanta bayan an kunna sanyi ba yoyo ba ne.

A fara da abin da ya fi araha. A duba robar murfi, ko ta tsage ko ta bushe. A matsa tiyo da hannu idan inji ya huce. Tiyo mai kyau yana da ɗan tauri kuma yana komawa daidai. Wanda ya kumbura, ko ya yi laushi kamar tuwo, ko ya faffashe, ya gama aiki. A duba bakinsa inda kilif ya ɗaure shi, domin nan ne aka fi samun yoyo. Daga nan sai lagireto, musamman wurin haɗin sama da na ƙasa.

Wata-famfo yana da ɗan rami a ƙasansa. Idan ruwa na fita ta ramin, ko famfon yana ƙara, ya lalace ke nan. A jikin inji kuma akwai wasu marafan ƙarfe masu kama da kwabo. Tsatsa takan huda su a tsohuwar mota. Idan kuwa ƙasan kujerar gaba ne ke jiƙewa, laifin daga hita ne.

Wani yoyon ba ya nuna kansa sai inji ya ɗumama. Sai a tayar da mota a tsaya ana kallo. Amma a naɗe hannun riga, a nisanci fanka da fanbel. Fanka mai aiki da lantarki tana iya tashi da kanta ko da an kashe mota.

Idan ƙasa a bushe take amma ruwa na raguwa

Wannan ya fi muni, domin ruwan cikin inji yake shiga. Yawanci gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone. A zaro sandar auna baƙin mai. Idan man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi. A duba salansa. Farin hayaƙi mai yawa da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama alama ce. Haka nan kumfa mai ta tasowa a bakin lagireto. Wannan ba aikin gida ba ne. A daina tuƙa motar, a nemi makaniken da ya san aiki. A kuma tabbata ya auna kan injin kafin ya sa sabon gaskit, domin idan kan ya lanƙwashe sabon ma ƙonewa zai yi.

Gyara

Murfi da kilif da tiyo, mai mota na iya sauya su da kansa. Ya tafi kasuwa da tsohon don ya samu daidai da shi. Tsohon lagireto na tagulla ana iya liƙe shi da dalma. Na zamani mai kan roba ba ya cika riƙe liƙi, sauya shi ya fi.

Idan tiyo ya fashe a daji kusa da bakinsa, a yanke wurin a mayar da sauran a ɗaure. Idan a tsakiya ne, a naɗe shi tam da robar tsohon tiyub. A sassauta murfi kaɗan don kada ruwan ya matsu, a tafi sannu a hankali ana duba allurar zafi. Wannan dabara ta isa gari ce kawai. Kada a zuba ruwan sanyi a injin da ya yi zafi sosai, ƙarfen na iya tsagewa.

Wasu direbobi sukan zuba ƙwai ko sabulu ko garin barkono a lagireto. Yoyon yakan tsaya na ɗan lokaci, amma abin da ya toshe hudar shi zai toshe ƙananan hanyoyin ruwa. Wasu kuma sukan cire tamostat su jefar. Wannan ma ba ya hana yoyo, sai ma ya sa inji ya ƙara shan mai.

Ruwan rijiya da na kududdufi suna barin laka da tsatsa. Ruwan lagireto na kanti, kore ko ja, yana hana tsatsa, shi ya sa ya fi. Amma guba ne, kuma yana da zaƙi. Kaɗan daga cikinsa na iya kashe yaro ko akuya. Kada a zuba shi a kwalbar lemo, kada a zubar da shi kusa da rijiya.

Bayan gyara, a cika lagireto, a tayar da mota murfi a buɗe har iskar ciki ta fita, a ƙara ruwa a rufe. Kwana 3 a jere a riƙa duba ruwan da safe kafin a tayar da inji.