Darasin Kiwon Lafiya: Haƙori Yana Gyaruwa Tun Bai Yi Kogo Ba

Duk mai ɗakin ƙasa ko rumbu a Batsari da Safana ya san aikin yaɓe. Damina takan zaizaye bango kaɗan kaɗan, rani ya yi a sake yaɓewa. Wanda ya sa makuba kuwa, nasa yakan daɗe. Haƙori ma haka yake, sai dai shi zaizayarsa da yaɓensa kowace rana ne.

Farin ɓawon da ya rufe haƙori ya fi ƙashi tauri. Wajen kashi 96 cikin 100 nasa ma'adinai ne, watau kalsiyam da fosfet. Mutanenmu sukan ce tsutsa ke cin haƙori. Ba tsutsa ba ce. Waɗansu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin dattin da ke manne wa gindin haƙori. Sa'ad da ka sha rake, ko mazarƙwaila, ko shayi mai sukari, su ma sun sami abinci. Sai su fid da tsami, tsamin kuwa ya narkar da ma'adinan ɓawon. Cikin rabin awa zuwa awa guda miyau yakan wanke tsamin, ya mai da abin da ya zube. Miyau shi ne magini. Amma yaron da ke tsotsar alawa tun safe har la'asar bai ba magini damar aiki ba.

Uwa, ki ɗaga leɓen yaronki na sama a hasken rana, ki share haƙoran da tsumma mai tsabta, ki duba kusa da dasashi. In kin ga tabo fari fat kamar alli, marar ƙyalli, ɓarna ta soma ke nan. Ba ya ciwo, shi ya sa akan ƙyale shi. Amma bango bai huje ba tukuna, ana iya gyara shi a gida.

A nan makilin mai fulorayid yake da amfani. Fulorayid shi ne makubar haƙori. In yana cikin miyau, ko kaɗan ne, yakan jawo kalsiyam da fosfet su koma wurin da ya zaizaye da sauri, sabon yaɓen kuma ya fi na dā jure tsami. Yana kuma rage wa ƙwayoyin nan ƙarfi. Aikin makonni ne da watanni, ba na kwana uku ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan makilin cikin jerin magungunan da suka zama tilas. In za ka saya, duba kwalin: a ga an rubuta Fluoride, da lamba tsakanin 1000 da 1500 ppm.

A goge sau biyu a rana, minti biyu. Na dare ya fi muhimmanci, gama miyau yakan ragu cikin barci. Ga inda yawancinmu muke kuskure: mu goge, sa'an nan mu kurkure baki tas. Wannan kamar a yi yaɓe ne a watsa masa ruwa tun yana ɗanye. Ka tofar da kumfar kawai, kada ka kurkure.

Kada ka yar da asuwakinka, yana fid da datti sosai. In babu buroshi, ɗiga makilin a bakin asuwakin. Gawayi da toka kam, kankare ɓawon suke yi.

Yara fa, a auna musu. Wanda bai kai shekara 3 ba, kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake, babba yana tsaye don kada su haɗiye. Fulorayid in ya yi yawa a ciki, cuta ne. A Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiyar burtsatse mai fulorayid fiye da kima ya ɓata haƙoran yara masu yawa a shekarun 1980 da 1990, har ya tanƙware ƙasusuwan waɗansu. Ɗan abin da ake gogawa a tofar bai kai ko kusa da wannan ba.

In kuwa tabon ya riga ya zama kogo, abinci na maƙalewa, ko ruwan randa na sa ka zabura, makilin ba zai cike shi ba. Sai likitan haƙori, watakila har Katsina, ga kuɗin mota, ga hanya ba kullum take da lafiya ba. Duk da haka a daure a je tun kumatu bai kumbura ba, lokacin da za a iya cike haƙorin maimakon a cire shi.