OMEGA-3: KAFIN KA SAYI KWALBA, LEƘA TUKUNYAR GIDANKA



Wani ɗan uwa ya turo min hoton kwalbar ƙwayoyin man kifi da aka sayar wa mahaifiyarsa mai hawan jini, yana tambaya: "Malam, wannan halal ce?" Da na bi ba'asi, ashe mai sayarwar har ce mata ya yi ta ajiye maganin asibiti. Subhanallah! Zan amsa batun halaccin, amma bari mu fara sanin mene ne omega ɗin nan.

Omega wani nau'in maiƙo ne da ke cikin abinci, kuma uku aka fi ambata: 3, 6 da 9. Omega-9 jiki na iya haɗa abinsa, shi ne ya fi yawa a man zaitun da man gyaɗa. Omega-6 da omega-3 kuwa dole sai an ci su. Na shidan ba ma rasa shi, yana cikin riɗi, gyaɗa da man da muke suya da shi kullum. Inda gizo ke saƙar shi ne omega-3.

Shi ma kala uku ne. ALA yana cikin tsirrai, kamar waken suya da awara da 'ya'yan kattan. EPA da DHA kuma a kifi mai maiƙo suke. Jiki yana juya ALA ya koma waɗannan biyun, sai dai ɗan kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa awara ba za ta tsaya a madadin kifi ba. DHA na cikin abin da aka gina ƙwaƙwalwa da tantanin ganin ido da shi, don haka mai ciki da mai shayarwa suna cikin masu tsananin buƙatarsa. Omega-3 kuma yana rage wani kitse da ke yawo a jini, kuma ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka tana ba da shawarar cin kifi sau 2 a mako, musamman mai maiƙo. Yakan ɗan sassauta hawan jini, amma ɗan sassauci ne fa, ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Hajiya ta koma kan maganinta tun yau.

Wane kifi? Titus, shawa da sadin, har na gwangwani. Tarwaɗa da karfasa abinci ne masu kyau, amma omega-3 ɗinsu bai kai na waɗancan ba. A sa a miya ko a gasa, ya fi a tsoma shi cikin mai ana soyawa har ya ƙandare.

A nan sai na faɗi abin da wasu ba za su so ba. Na sha jin masu tallan magani suna cewa habbatus sauda cike take da omega-3. Ba haka ba ne. Falalarta ta tabbata, ban musa ba, amma mafi yawan maiƙonta omega-6 ne. Abin da yake da falala ba ya buƙatar a yi masa ƙarya don ya shiga kasuwa.

To, mu dawo kan tambayar. Man kifin kansa halal ne. Abin dubawa shi ne ɓawon ƙwayar, wanda ake yi da jelatin, shi kuma ana samo shi daga shanu, ko kifi, ko alade. Malaman wannan zamani sun yi saɓani a kan na alade, ko sarrafawar da aka yi masa ta canza haƙiƙarsa ko a'a. Ni abin da na natsu da shi, tunda akwai madadi, a bar shi. Karanta jikin kwalbar, ka nemi mai jelatin na kifi, ko mai tambarin halal, ko wanda aka tatso daga gansakukar teku, ko na ruwa da ake sha da cokali.

Mai shan maganin tsinka jini kada ya fara ƙwayar sai ya sanar da likitansa. Mai juna biyu kuma ta guji man hantar kifi, saboda bitamin A ɗinsa yana da yawa, yawansa kuma na iya cutar da abin da ke cikinta.

Wallahu a'alam.