Darasin Kasuwanci: Kimiyya da Ribar Wake a Ƙasar Mubi

Duk wanda ya san harkar hatsi a Mubi ya san cewa ribar wake ba ranar saye take ba, tana ga ajiya. Ɗan kasuwa kan sayi wake da kaka lokacin da yake araha, ya jira bazara ko farkon damina farashi ya hau. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ne ƙwaron wake yake yin ɓarnarsa, domin cikin wata guda yakan yi ƙwai, ya ƙyanƙyashe, ya sake hayayyafa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na bi mata, saboda haka wannan asara ba ƙarama ba ce.

Ajiya

Shekaru da dama 'yan kasuwa sun dogara ga zuba maganin ƙwari a cikin buhu, musamman irin wanda ake kira fiya-fiya. Sakamakon haka ya fito fili a watan Yuni na 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dokarsu ba ta yarda da fiye da miligiram 0.01 na wannan guba a kowane kilo ba, amma an sami waken da ya ninka hakan sau ɗaruruwa. A 2016 aka tsawaita hanin da shekara uku. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Abin lura shi ne, maganin matsalar ya samo asali ne a maƙwabtan Mubi. A ƙarshen shekarun 1980, masanan Kamaru a Marwa, tare da takwarorinsu na Jami'ar Purdue ta Amurka, suka gwada ajiye wake cikin leda ninki uku. Daga 2007 aka fara yaɗa buhun da ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Idan an ɗaure kowace leda tamau, ƙwarin sukan shanye iskar da ke ciki, su daina ci, su mutu. Sharuɗɗan biyu ne: wake ya bushe sarai kafin a zuba, kuma kada leda ta huje. Buhun ya fi na gama-gari tsada, amma ana iya sake amfani da shi, kuma ba a sayen magani.

Iri

Tun kafin wake ya kai rumbu yana da abokan gaba biyu a gona. Na farko wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ciyawar da ke maƙale wa saiwa tana shan abincin shuka, kuma ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, sun fitar da irin da ke jure mata, kamar Sampea 10. Na biyu tsutsar da ke huda fure da kwanso. A 2019 aka amince da Sampea 20-T, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya kare kansa daga wannan tsutsa, har feshi ya sauko daga shida ko takwas zuwa biyu a damina. Akwai ƙungiyoyin da ke adawa da irin wannan iri, don haka mai fatauci zuwa ƙasashen waje ya fara tambayar dokar kasuwar da zai kai kaya.

Ƙasa da dabbobi

Saiwar wake tana ɗauke da ƙananan ƙulle-ƙulle masu jawo sinadarin nitirojin daga iska zuwa ƙasa. Shi ya sa dawa ko masarar da ta biyo bayan wake takan fi kyau, kuma takin zamanin da za a saya ya ragu. Ga kuma harawa. Mubi tana da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan, inda dabbobi ke shigowa daga Kamaru da Cadi, kuma masu kiwo suna neman harawa da rani. Harawa ta ciyar da sa, takin sa ya koma gona, gona ta sake ba da wake. Wannan zagaye shi ne ma'anar noma mai ɗorewa a aikace.

Abin da ya rage ga ɗan kasuwa

Wanda yake ba manoma bashin iri da damina, ya ba su ingantacce daga dillali mai rajista. Wanda yake da sito, ya lissafa kuɗin buhun leda uku a kan asarar da ƙwari suka yi masa bara. Wanda yake son babbar kasuwa, ya iya nuna cewa wakensa ba shi da guba. Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a Mubi a 2002, tana da tsangayar aikin gona, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a cikin garin. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan hatsi su kai musu tambayoyinsu kafin kaka ta zo.