Yadda Ake Ara wa Batirin Ƙaramin Jirgin Sama Wuta Ba Tare da Ɓarna Ba

Yau za mu duba abin da ake yi idan batirin ƙaramin jirgin sama ƙirar gida ya mutu, da hanyoyin ba shi wuta daga waje.

Kada ka ɗauka maganar ta yi mana nisa. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic. Air Beetle da sojojin saman Najeriya suka yi amfani da shi wajen koyar da tuƙi shi ma daga RV-6A aka samo shi, jirgin kamfanin Van's na Amurka da mutane kan sayi sassansa su haɗa a gida, kuma a Kaduna aka harhaɗa shi. Duk matashin da ke da irin wannan buri zai ci karo da matsalar batir.

Fara da sanin wutar jirginka

Ƙananan jirage kashi biyu ne: masu batirin bolt 12, da altaneta ke caja da kusan 14, da masu bolt 24, da ake caja da kusan 28. Yawancin na ƙirar gida, kamar masu injin Rotax 912, bolt 12 ne. A manyan filaye irin na Sir Ahmadu Bello da ke nan Ambursa, na'urar da ake jona wa jirgi a ƙasa tana ba da bolt 28, ko kuma 115 na manyan jirage. Idan ka jona irinta a jirgin bolt 12, rediyo da allon matuƙi za su iya ƙonewa. Haka ma dabarar da wasu makanikai ke yi ta jera batir biyu irin na tirela don tayar da mota mai taurin kai. Kada ka kusanci jirgi da ita.

Sai kuma nau'in batirin:

- Batirin ruwa, ko rufaffe mai dalma: cikakke yana nuna 12.6 zuwa 12.8 a mita. Idan ya sauko 12.0, ya kai rabi ko ƙasa. A 10.5 ya zube gaba ɗaya.
- Batirin litiyom nau'in LiFePO4, irin na EarthX: cikakke yana wuce 13.2. Yana da wata ƙaramar kwamfuta a ciki mai yanke wuta idan ya zube da yawa, sai mita ta nuna kusan sifili alhali bai lalace ba. Cajar da aka yi dominsa kawai ake sa masa, domin cajar batirin ruwa mai harba wuta sama da bolt 15 tana kashe shi.

Me ya sa jirgi ba kamar mota ba ne?

Idan mota ta mutu a hanyar Argungu, gefe za ka gangara. A sama babu gefen hanya. Batirin jirgi aiki biyu yake yi: tayar da inji, da zama ajiya idan altaneta ta daina aiki. Wanda ya ara wuta ya tashi da batirin da bai caju ba, ya tashi ne ba tare da wannan ajiya ba.

A watan Maris na 2007 a Speyer ta ƙasar Jamus, an tarar da batirin wani jirgi ƙirar Diamond DA42 ya mutu. Aka tayar da injinansa biyu da wutar waje, alhali littafin jirgin ya ce ɗaya kawai ake tayarwa haka, na biyun da wutar jirgin kansa. Da suka tashi aka naɗe tayoyi, wuta ta yi ƙasa na ɗan ƙiftawar ido, kwamfutocin da ke sarrafa injinan suka ɗauke, injinan biyu suka tsaya. Mai rubuta manhaja ya san wannan: kwamfuta ba ta jure ɗaukewar wuta, komai ƙanƙantarta.

Injin da ke da magneto yana samar wa fulogoginsa wuta da kansa, saboda haka ba ya tsayawa don batir ya mutu. Amma injin mota na zamani da aka mayar na jirgi, da famfon mansa da kwamfutarsa duk a kan batir suka dogara.

Hanyoyi huɗu

1. Cire batirin ka caja shi a hankali har ya cika. Ita ce mafi aminci, kuma ita kaɗai ta dace idan tashi za a yi.
2. Ƙaramar na'urar tayar da mota mai litiyom. Zaɓi mai ƙin ba da wuta idan an juya kawunan waya.
3. Batirin mota da waya mai kauri. Kashe injin motar tukuna.
4. Batirin sola ko na'urar ba da bolt 12 daga soket. Waɗannan na kunna allo da rediyo ne yayin gwaji ko sabunta manhaja, ba na juya inji ba. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, allon na iya ƙin tashi.

Matakan jonawa don gwajin inji a ƙasa

1. Duba batirin. Idan ya kumbura, ya tsage ko yana yoyo, a bar maganar.
2. Sa waigi a tayoyi, ka ja birki. Mutum ɗaya ya zauna a kujerar matuƙi.
3. Kashe magneto, rediyo, allo da fitilu.
4. Jar waya a kan + na batirin jirgi, ɗaya bakin a + na mai ba da wuta.
5. Baƙar waya a − na mai ba da wuta, ɗaya bakin a jikin ƙarfen inji, nesa da batir da bututun mai. Batirin ruwa na fitar da iskar haidurojin, tartsatsi kaɗan ya ishe ta.
6. Wayoyi su bi ta baya. Kada kowa ya tsaya kusa da farfela, a naɗe babbar riga da rawani.
7. Idan inji ya tashi, a cire daga ta ƙarshe zuwa ta farko.

Wani lokaci za ka kunna babban makunni ka ji shiru. Dalili shi ne rilen da ke haɗa batir da sauran jirgin shi ma yana buƙatar wuta kafin ya kama. Haka altaneta irin ta mota: sai ta sami ɗan wuta daga batir kafin ta fara bayarwa.

Shawara ga mai ƙira

Tun wajen haɗawa ka sa wa jirgin soket na wutar waje, a bayan fiffike, nesa da farfela. Haɗa shi da rile da dayod yadda ba zai kama ba idan an juya waya. Ka rubuta 12V da manyan baƙaƙe a gefensa.

Zafin Afrilu da Mayu a Kebbi, da kan haura digiri 40, yana sa batirin ruwa saurin zubewa ko ba a taɓa shi ba, ƙurar hunturu kuma tana taruwa a kawunansa. Ajiye shi a inuwa, ka goge kawunan, ka auna shi duk mako. Masu wasa da Arduino za su iya haɗa resista 30k da 10k su raba wutar gida huɗu, allon ya karanta, ya yi ƙara idan batirin ruwa ya sauka ƙasa da 12.4.

A ƙarshe, tashi sama da jirgin ƙirar gida sai da izinin hukumar NCAA. A darasi na gaba, in Allah ya yarda, za mu rubuta manhajar Arduinon layi bayan layi.