Amsoshin Tambayoyinku: Nawa Ne Kuɗin Sauya Batirin Mota Mai Lantarki?

Wani mai sauraronmu daga Dogon Dutsi, direban da ke jigila tsakanin Tibiri da Dosso, yana tambaya ko gaskiya ne batirin motar lantarki ya kai kuɗin motar kanta. To Malam, maganar tana da ƙamshin gaskiya, musamman a motar hannu. Ana auna batirin ne da kilowat-awa. A 2024 kamfanin BloombergNEF ya ce matsakaicin farashin kilowat-awa ɗaya dalar Amurka 115 ne, alhali a 2010 ya haura dala 1,000. A farashin 2024, batirin Nissan Leaf mai kilowat-awa 40 zai tashi wajen dala 4,600 ke nan, sama da sefa miliyan biyu da rabi, kuma farashin masana'anta ne wannan, ba a sa kuɗin dako, kwastan da aikin makaniki ba.

Wani zai ce ai kamfanoni na ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000. Haka ne, amma motar da ta iso Arewa galibi ta riga ta cinye garantinta a Turai. Sannan ga zafi. Batirin tsohuwar Leaf ba shi da ruwan sanyaya shi, shi ya sa masu ita a Arizona ta Amurka suka yi ta kuka a 2012, balle zafin ranar Afrilu a Dogon Dutsi. Batiri dai ba ya mutuwa farat ɗaya. Zangon da yake ci ne ke raguwa sannu a hankali. Kafin ka biya, sa a jona na'ura a karanta maka kashi nawa cikin ɗari na ƙarfinsa ya rage, ka yi ciniki a kan wannan adadin.