Gajiyar Aikin Gida Ba Ita Ce Ƙoshin Lafiyar Jiki Ba

 Darasinmu na wannan fitowa a kan motsa jiki ne. Na san wata za ta ce, "Malama, ni da nake yini a tsaye tun asuba, wane motsa jiki kuma?" To, uwargida, gajiya daban, lafiyar jiki daban.

Masana harkar wasanni sun kasa ƙarfin jiki gida 2. Na farko ya shafi lafiya, abubuwa 5 ne: juriyar zuciya da huhu, ƙarfin tsoka, juriyar tsoka, laushin gaɓoɓi, da yawan kitse idan an kwatanta da tsoka. Na biyu ya shafi gwaninta, guda 6 ne: sauri, zafin nama, daidaiton tsayuwa, haɗin kan ido da hannu, ƙarfin yunƙuri lokaci guda, da saurin maida martani. Ɗan ƙwallo yana buƙatar dukkansu. Mu ma muna da rabonmu a ciki.

Wanki, shara da goyo suna ba tsoka juriya, ba shakka. Amma ba kasafai suke sa zuciya ta yi aiki na tsawon lokaci ba. Iyayenmu sun samu wannan a wajen daka da jan ruwa a rijiya; yau injin niƙa da famfo sun ɗauke mana, alhamdu lillahi, sai dai ba mu maye gurbinsu da komai ba. Shi ya sa za ki ga mace ba ta hutawa, amma bene ɗaya ta hau sai haki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato minti 30 sau 5, da atisayen tsoka kwana 2. Matsakaici shi ne wanda numfashinki zai ɗaga amma kina iya magana. Tafiya da sauri kina zagaya tsakar gida ta wadatar, ba sai kin fita ba, ba sai kin sayi komai ba. Wannan yana rage haɗarin hawan jini da ciwon suga.

Ki tuna da aikin Hajji. Sa'ayi kaɗai, kai-komo 7 tsakanin Safa da Marwa, kusan kilomita 3 ne, ga ɗawafi, ga tafiyar jifa cikin cunkoso da zafi. Muna shekara da shekaru muna adashin kuɗin kujera, amma ƙafafun da za su yi aikin ba ma tanadinsu.

Cikin na gwaninta, wanda na fi so mu kula da shi shi ne daidaiton tsayuwa, domin yana raguwa da shekaru ba tare da mutum ya ankara ba. Faɗuwa a banɗaki ta kwantar da tsofaffi da yawa. Ki dafa bango, ki tsaya da ƙafa ɗaya kina ƙirga 20, sannan ki sauya. Ki zauna a kujera ki miƙe sau 10 ba tare da dafa gwiwa ba. Wannan ƙarfin ne ake tashi da shi daga sujada. Carafke da tsallen igiya da muke kora 'ya'yanmu mata a kansu kuwa, su ne makarantar ido da hannu da zafin nama. A bar su su yi.

Ga mai jin nauyin maigida, Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) ta wuce shi, bayan ta yi jiki suka sake shi kuma ya wuce ta. Ki ba shi labarin, wataƙila ma ya taya ki zagayen.

Mai juna biyu, da wadda aka yi wa tiyatar haihuwa, da mai ciwon zuciya, su fara tuntuɓar likita. Sauran kuma a fara da minti 10 bayan sallar asuba, ana ƙarawa a hankali.